An yi wa Baba aikin retina, yanzu kuma hawan jinin ido: wace leza ake nufi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Daga Kumo nake rubutowa. Mahaifina mai shekara 61 retinar idonsa na dama ta ɓalle, aka yi masa aiki a Kaduna wata biyar da suka wuce, aka zuba masa wani mai a cikin idon. Yanzu an ce hawan jinin ido ya kama wannan idon. Awon ƙarshe da aka yi masa a Gombe ya nuna 38, alhali yana ɗiga magani kala uku, yana kuma shan ƙwaya. Idon na yi masa ciwo har cikin kai. An ce a yi masa leza, mu kuma an gaya mana an yi leza tun lokacin aikin. Wata ce daban? Za ta dawo masa da gani? Ko kuskure aka yi a aikin farko?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri a kan wannan ɗawainiya. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don na san ita ake ta juyawa a gida. Hawan jinin ido bayan aikin retina, wato shimfiɗar da ke can bayan ƙwayar ido mai ɗaukar hoton abin da muke gani, sanannen abu ne, yana cikin matsalolin da aka fi cin karo da su, balle idan an zuba man silikon, kuma yana faruwa ko da likita ya yi aikinsa tsaf. Shi kaɗai ba ya nuna an yi kuskure. Lezar da ake magana yanzu kuwa, wato haske mai ƙarfi da ake harbawa a ido, daban take da ta farko. Waccan walda ce, an ɗiɗɗiga ƙuna a kewayen inda retina ta yage don ta manne da bangon ido. Ta yanzu aikinta sauke matsin da ke cikin ƙwayar ido.

Sunan da muke kiran cutar da shi ma yana rikita mutane, domin ba jini ne ya hau ba, ruwa ne. A bayan baƙin ido akwai wani zoben nama a ɓoye, shi ne maɓulɓular wani ruwa garai-garai da ke ciyar da gaban ido, dare da rana ba ya tsayawa. Ruwan yana bi ta hujin da ke tsakiyar baƙin ido ya fito gaba, sannan ya tsiyaye ta wata 'yar rariya da ta kewaye idon, a daidai kusurwar da baƙin ido ya haɗu da gilashin gaba. Muddin abin da ke shigowa ya yi daidai da abin da ke fita, awo yana tsayawa tsakanin 10 da 21. Idan hanya ta toshe, maɓulɓula ba ta da labari, zubo ruwanta take yi, matsi ya hau ya danne jijiyar gani. Ba a zama a kan 38. A irin wannan matsi jijiyar tana iya lalacewa cikin makonni zuwa 'yan watanni, kuma abin da ya mutu a cikinta babu leza ko tiyatar da ke tayar da shi. Don haka ku shiga maganar da sanin abu biyu ake nema: a tsare ganin da ya rage, a kuma raba Baba da ciwon.

Wurare uku ke nan, maɓulɓula da huji da rariya, kowanne da lezarsa. Idan aka harba ta rariya alhali huji ne ya toshe, kuɗi da lokaci sun tafi a banza. Kafin a zaɓa dole likita ya leƙa kusurwar nan da wani ɗan madubi da ake ɗorawa a kan ido bayan an ɗiga maganin kashe zafi. Aikin minti biyar ne, amma shi ke nuna ko rariyar a buɗe take, ko baƙin ido ya manne ya rufe ta, ko mai ne ya cika ta, ko kuwa sababbin jijiyoyin jini ne suka yi mata yaɗo. A ganina duk wanda ya yanke hukuncin leza bai yi wannan leƙen ba, ya yi gaggawa.

Lokacin da hawan ya fara shi ma yana ba da haske. Na kwanakin farko bayan aiki yawanci kumburi ne, ko jinin da ya taru, ko mai ya yi yawa, ko iskar gas da aka hura ta buɗe fiye da kima, kuma ba kasafai yake kai wa ga leza ba. Ga mai karatun da aka sa wa gas maimakon mai, a kula: nau'in gas mai suna SF6 yana yin kimanin mako biyu a ido, mai suna C3F8 mako shida zuwa takwas, kuma muddin yana ciki babu hawa jirgin sama. Ko tafiyar mota daga Bauchi zuwa Jos, inda ake haurawa zuwa tudun da ya kai kusan mita 1,200, sai an tambayi likita, domin iskar tana ƙara buɗewa yayin da ake hawa. Mai ba ya yin haka.

Wanda ya taso bayan mako biyu zuwa shida kuwa, abin da ake fara zargi shi ne maganin ɗigawa na rage kumburi, dangin dexamethasone da prednisolone. Kusan mutum ɗaya cikin uku awonsa yana hawa idan ya daɗe yana ɗiga su. A nan ake yawan tuntuɓe: an sallami majiyyaci da kwalba ɗaya, ta ƙare, aka kai kwalbar kemis aka sayo irinta, aka ci gaba wata da watanni ba wanda ya ce a tsaya. Ku tattara duk kwalaben da Baba ke ɗigawa a leda ɗaya ku kai wa likita, har da waɗanda aka saya ba takarda. Idan wannan ne sanadi, rage shi a hankali ko sauya shi da mai sauƙi yana iya sauke awon cikin 'yan makonni. Kada ku tsayar da shi da kanku rana ɗaya, kumburin na iya dawowa da ƙarfi.

Amma wanda ya kai wata biyar da mai a ido, man ne babban abin zargi, kuma ta hanya biyu yake ɓarna.

Ta farko, yana toshe hujin tsakiya. Man silikon bai kai ruwa nauyi ba, tasowa yake yi kamar man gyaɗa a kan miya. A idon da aka cire masa madubinsa na ciki, wanda ke bayan baƙin ido, wani lokaci har wanda aka sa wa na roba, man yana matsowa gaba ya zauna a bakin hujin, ruwa ya rasa ta inda zai wuce. Shi ya sa likitocin retina kan huda wata 'yar ƙofa a ƙasan baƙin ido tun lokacin aikin, daidai ƙarfe shida na agogo, inda man ba ya sauka. Kumburi yakan rufe ta daga baya. Lezar YAG ce ke buɗe ta, ko ta huda sabuwa. A zaune ake yi, haɓa a kan na'ura kamar lokacin duba ido, da ɗigon kashe zafi kawai, minti biyar zuwa goma. Baƙin idon baƙar fata yana da kauri, don haka yakan ci harbi da yawa, wasu ma sukan fara sirantar da wurin da koriyar leza kafin YAG ta huda. Ana sake awo bayan awa ɗaya, a ba da maganin kumburi na kimanin mako guda, wani lokaci a ce majiyyaci ya riƙa kwanciya rub-da-ciki don man ya koma baya. Idan wannan ce matsalar, awo na iya faɗuwa a ranar. Aibinta dai ƙofar takan sake rufewa, kuma idan ta maimaita sai a yanke ta a ɗakin tiyata. Akwai wani nau'in mai mai nauyi da ke nutsewa ƙasa. A nan sama ake huda ƙofar. Kun ga dalilin da ya sa dole a san wane mai aka zuba.

Hanya ta biyu ita ta fi yawa a wanda ya daɗe da mai. Man yana farfashewa ya zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, su bi ruwa su fito gaba su cushe rariya, su tayar da kumburi, daga baya rariyar ta yi tabo. Idan ka zaunar da Baba a inda haske yake, ka ɗaga fatar idonsa ta sama a hankali, mai yiwuwa ka ga wani farin abu ya kwanta a saman baƙin ido kamar jinjirin wata a kife. Ƙwayoyin man ne suka taru. Man silikon yana da lambar kauri, kuma mai lamba 1,000 ya fi saurin yin haka a kan mai lamba 5,000. A nan tambayar farko ba ta leza ba ce, ta likitan retina ce: za a iya cire man? Dama yawanci tsakanin wata uku da shida ake shirya cirewa idan retina ta kama sosai, kuma Baba yana cikin wannan lokaci. Sai dai cirewar na da haɗarin retina ta sake ɓallewa, a wasu idanu ma dole a bar shi, sannan ko an cire ba kullum awo ke sauka ba idan rariyar ta riga ta yi tabo. Duk da haka kada a tsallake wannan tambayar.

Akwai leza mai share rariya, ana kiranta SLT. Ita ce mafi laushi: a zaune, madubi a kan ido, harbi kimanin 50 a rabin kewaye ko 100 a duka, ba ƙuna, sakamakon kuma yana bayyana cikin mako huɗu zuwa shida. A hawan jinin ido na yau da kullum tana da kyau ƙwarai. Wani gwaji da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, aka buga a 2021, ya nuna bayan shekara guda ta yi nasara a kashi 61 cikin ɗari na idanu, ɗigon timolol mai sauke awo kuma kashi 31. Amma tana buƙatar rariya a buɗe, kuma abin da takan sauke bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na awon ba. A lissafa: daga 38 ana maganar 27 zuwa 30, bai kai gaci ba. Tana da amfani ga wanda maganin kumburi ya hau masa da awo, ko wanda hawan ya lallaɓo masa shekaru bayan aikin. Ga idon da mai ya cushe kuwa, ba ita zan sa a gaba ba.

Abin da na fi zaton an nufa a kan Baba shi ne lezar diyod, mai rage ƙarfin maɓulɓula. Tun da hanyar fita ta lalace, sai a rage abin da ke shigowa. A kwance ake yinta, ba a yanka komai. Ɗigon kashe zafi ba ya isa, sai an yi allura a gefen ido, domin tana da zafi. Yara da masu tsananin tsoro ne ake sa wa barci. Likita zai buɗe fatar ido da ɗan ƙarfe, ya ɗauki wata 'yar sanda mai kama da biro, mai zaren gilashi a bakinta, ya ɗora ta a kan farin ido kimanin milimita 1.2 bayan iyakar baƙi da fari. Hasken yana ratsa farin ido ya wuce, sai baƙin launin da ke jikin maɓulɓula ya shanye shi ya yi zafi, wannan ɓangaren ya daina fitar da ruwa. A harba, a matsa gaba kaɗan, a sake harbawa, yawanci sau 18 zuwa 24.  Idan aka ji ƙara ɗas daga cikin ido, nama ne ya fashe, alamar ƙarfi ya yi yawa, sai a rage shi. Tun da idanunmu launi ya yi musu yawa, suna shan hasken da sauri, likitoci da dama sun fi son dafuwar sannu, wato a rage ƙarfin hasken a ƙara masa lokaci, wadda ba ta cika tayar da kumburi ba. Ana tsallake daidai ƙarfe uku da ƙarfe tara, domin ta nan manyan jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi suke bi zuwa gaban ido.

Idon da aka yi wa aikin retina yana da nasa sharuɗɗa. Maɓulɓular ba lallai ta kasance inda aka saba ba, musamman idan an ɗaura wa ido ɗamarar roba ko kuwa dogon ido ne irin na masu tabarau mai kauri. Sai a kashe fitilar ɗaki, a dafa ƙaramar tocila a jikin ido, idon ya yi ja kamar garwashi, maɓulɓular ta fito a matsayin baƙin layi, a bi ta. Wuraren da farin ido ya sirance saboda aikin baya ana ƙetare su. Sannan, kuma wannan shi ne muhimmi, retinar da ta daɗe a ɓalle ko ta yi tabo takan raunana maɓulɓular tun kafin a taɓa ta. Idan aka ƙona fiye da kima, awo na iya faɗuwa ƙasa da 5 ya ƙi tashi, musamman bayan an cire man, idon ya yi laushi, daga ƙarshe ya tsotse ya shige ciki. Wannan ba ya gyaruwa. Abin kamar gishiri ne a miya, ana ƙarawa amma ba a tsamewa. Don haka likita mai hankali yakan yi rabin kewaye ko kashi uku cikin huɗu a karon farko, ya jira. Idan aka ce muku za a sake yi karo na biyu ko na uku, ba gazawa ba ce. Idon da ke da mai an san shi da buƙatar maimaici. Ku tambayi kuɗin da wannan a ranku.

Sauran haɗarin: ciwo na kwana biyu zuwa uku, jan ido, kumburi a ciki, ɗan jini a gaban ido, da raguwar gani, wadda a wasu take wucewa a wasu kuma take zama, musamman idan kumburin ya kai tsakiyar retina. Akwai kuma wani kumburi da ke iya tsallakawa zuwa ɗaya idon. Da ƙyar ake ganinsa, amma duk wanda lafiyayyen idonsa ya yi ja ko ya dushe bayan aikin ya koma asibiti a ranar.

Wannan leza ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi an yi bincike a kanta, aka buga a 2018, a kan idanu kusan 200 masu gani, waɗanda matsakaicin awonsu ya kai 39 kafin aiki. Bayan shekara guda, kusan bakwai cikin goma na idanun da aka sake dubawa awonsu yana ƙasa da 22. Masu hawan jinin ido na yau da kullum ne, ba waɗanda aka zuba wa mai ba, don haka kada a ɗauki lambar a liƙa wa Baba kai tsaye. Abin da ya fi tsaya mini a rai a ciki shi ne kusan rabin idanun ne kawai aka samu dubawa a ƙarshen shekarar. Ciwo na lafawa, mutum ya ɗauka ya warke, alhali awo na iya lallaɓowa ya koma 28 ko 30 ba tare da wani zafi ba.

Akwai sabon salonta mai suna MicroPulse, inda hasken ke kunnawa yana kashewa da sauri, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin kawai yake kunne, sandar kuma jan ta ake yi a kan farin ido maimakon ɗiɗɗigawa. Ciwo da kumburi sun fi sauƙi, haɗarin tsotsewar ido ya ragu, sai dai tasirinta yakan sassauta da wuri. Idan gani mai amfani ya rage a idon kuma akwai na'urar, zaɓi ne mai kyau. Idan kuma za a shiga cire man, ana iya yin lezar daga ciki da 'yar kyamara a zama ɗaya.

Ba ka faɗi ko Baba yana da ciwon suga ba. Idan yana da shi, ko jijiyar jinin retina ta taɓa toshewa, a nemi sababbin jijiyoyi a kan baƙin ido. Retinar da jini bai ishe ta ba ce ke sa su tsiro, su rufe rariya. Maganinsu allurar cikin ido, irin su Avastin, da leza mai yawa a kan retinar kanta, ɗigo 1,200 zuwa sama, a zama biyu ko uku. Idan ba a kashe tushen ba, diyod kaɗai ba za ta riƙe ba, kuma irin wannan ido ne ya fi haɗarin tsotsewa.

Za ka iya cewa me ya hana a yi tiyatar hawan jinin ido da aka saba, wadda ake buɗe wa ruwa hanya ƙarƙashin fatar farin ido? Aikin retina yakan bar tabo a fatar, mai kuma ya toshe hanyar, shi ya sa ba ta cika ɗorewa ba. Wadda ta fi riƙewa ita ce dasa ɗan bututu, irin su Ahmed, a ƙasan ido idan man yana ciki. Ga ido mai gani sosai sau da yawa ita ake fifitawa. Ga wanda ganinsa ya yi ƙasa, ko ciwo ne babbar damuwa, ko kuɗi da nisa suka yi tsaiko, diyod ta fi dacewa.

Bayan diyod ana rufe idon zuwa washegari. Za a ba da ɗigon rage kumburi sau huɗu zuwa shida a rana, ana ragewa cikin mako uku zuwa huɗu, sau da yawa tare da atropine, wanda ke buɗe hujin ido ya sa hasken rana ya dame shi. Baƙin tabarau zai taimaka, ya kuma tare ƙurar hunturu. Magungunan hawan jinin ido ba a ajiye su sai likita ya ce, kuma ƙwayar ce ake fara janyewa. Awo washegari, bayan mako guda, sannan mako huɗu zuwa shida, lokacin da ake sanin ainihin sakamakon. A kwanakin farko a kiyaye ruwa shiga idon wajen alwala, a ajiye kwalli, kada kuma a ɗiga wani haɗin gargajiya. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, amai, ko gani ya faɗi farat ɗaya, ko wani baƙin labule ya taso daga gefe, ba sa jiran ranar da aka rubuta a kati.

Ƙwayar da yake sha ina zaton Diamox ce. Takan sa tafiyar tururuwa a yatsu, yawan fitsari, lemon kwalba ya canza ɗanɗano, kuma ba a son a daɗe a kanta saboda tsakuwar ƙoda da raguwar gishirin jini. Mai ciwon ƙoda ko mai sikila, har da nau'in SC da ke yawan taɓa retina, dole likita ya sani kafin ya rubuta ta. Haka timolol ga mai asma ko mai jinkirin bugun zuciya. Wajen ɗigawa a bar minti biyar tsakanin kwalba da kwalba, ɗigo ɗaya ya isa, a rufe ido a danne kusurwar da ke jikin hanci na minti biyu. Mutane da yawa da ake cewa magani ya ƙi su, na biyu ne yake wanke na farko.

Kafin ranar lezar ku nemo takardar aikin farko daga inda aka yi shi, ko da hoto ne ta WhatsApp: ranar aiki, lambar man, ko an ɗaura ɗamara, ko madubin ciki na nan, ko an huda ƙofar ƙasa, da lokacin da likitan retina ke shirin cirewa. Kada neman takardar ya ja ku fiye da 'yan kwanaki. A wannan zuwan kuma ku roƙa a auna idon hagu, a buɗe shi da magani a duba retinarsa har gefe-gefe, domin wanda retina ta ɓalle masa a ido ɗaya yana da ƙarin haɗari a ɗayan, kuma yaga ƙarama da aka gani da wuri lezar minti goma ce ke rufe ta.